Uwar garke ɗaya, adireshi uku: abin da ke faruwa idan aka sabunta kanel

A makarantunmu na zango, daga Kumasi zuwa Nima har Tamale, ɗakin kwamfuta ya daina zama abin ado. Yara suna rubuta darasin kwamfuta a jarrabawar BECE, malamai suna ajiye maki a na'ura, wasu makarantun ma sun zuba littattafai da bidiyon darasi a kwamfuta ɗaya domin yara su karanta ba tare da an ƙona kuɗin data ba. Wannan kwamfutar da sauran ke ɗiba daga gare ta ita ake kira uwar garke. Kuma a yawancin makarantu babu injiniya. Malamin da aka ga ya fi kowa son taɓa waya, shi ake miƙa wa makulli a ce Allah ya taimaka.

Ni ma haka na samu kaina. A kwalejin horar da malamai an koya mana tsara darasi da riƙe aji, ba a koya mana abin da za mu yi ba idan uwar garke ta tashi da safe ta manta rabin adireshinta. To wannan matsalar nake so mu tattauna yau, domin tana da saurin rikita mutum, alhali maganinta bai kai kuɗin da ake kashewa a kanta ba.

Me ya sa na'ura ɗaya za ta riƙe adireshi da yawa?

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lamba da ake nemanta da ita, wato adireshin IP. Tsohon tsarin da har yanzu muka fi amfani da shi, IPv4, yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma tun watan Fabrairu na 2011 hukumar IANA ta raba kason ƙarshe da ke hannunta. Amma a cikin gida ko makaranta ba mu da wannan damuwa, saboda an ware wasu lambobi na cikin gida da kowa zai iya amfani da su kyauta, kamar waɗanda ke farawa da 10 ko da 192.168.

Ka ɗauki gidan haya irin namu na zango. Zaure ɗaya ne, amma iyali uku ne a ciki, kowa da sunan da ake sallama da shi. Katin sadarwa, wato inda ake cusa waya a bayan kwamfuta, shi ne zauren. Adireshin kuwa su ne 'yan haya. Linux tana yarda a ɗora adireshi da yawa a kati ɗaya, kuma akwai hikima a yin haka. A makarantarmu uku ne: 192.168.10.10 na fayilolin malamai da shiga gyara, 192.168.10.11 na laburare inda muka sa Kolibri da Kiwix, sai 192.168.10.12 na maki da jarrabawar gwaji. Raba su ya sa za a iya buɗe wa yara laburare, a rufe musu ƙofar maki. Idan kuma wata rana aka samu na'ura ta biyu, sai a ɗauke adireshi ɗaya a mayar can, ba sai an bi kwamfutocin yara ɗaya bayan ɗaya ana canza komai ba.

Shi kuma kanel fa?

Kanel shi ne zuciyar manhajar. Shi ke magana da ƙarfen na'urar kai tsaye, faifai da ƙwaƙwalwa da katin sadarwa, ta hanyar ƙananan manhajoji da ake kira direba. Linus Torvalds ya fara rubuta na Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma har gobe ana fitar da sabo duk bayan wata biyu zuwa uku. Ubuntu 22.04 ta fito da kanel 5.15 a Afrilun 2022, Ubuntu 24.04 kuma ta zo da 6.8. Sai dai akwai layin da ake kira HWE, wanda aka yi domin sababbin na'urori. Wanda ke kan wannan layi, ko bai bar 22.04 ba, kanel ɗinsa ya yi ta hawa mataki-mataki har ya kai 6.8.

Ga inda abin ya shafe mu a Gana. Ubuntu tana da tsarin da ke sauko da gyare-gyaren tsaro da kansa, har da sabon kanel. Amma sabon kanel ba ya fara aiki sai an sake kunna na'ura. Yana iya yin sati uku a kwance a faifai yana jira. A ƙasar da wuta ke tsaye, mai kula da na'ura ne ke zaɓar ranar da zai sake kunnawa. Mu da muka sha dumsor, musamman a 2015, mun san wanda ke zaɓa mana rana. Wuta ta ɗauke da dare, batir ya ƙare, wuta ta dawo, na'ura ta tashi da sabon kanel ba tare da kowa ya sani ba. Shi ya sa da safe kowa zai rantse cewa wuta ce ta ƙona wani abu.

Yadda tamu ta kasance

Tamu uwar garken tsohuwa ce ta kamfani, irin kayan da ake shigowa da su daga Turai, wani tsohon ɗalibi ya ba makaranta kyauta. Saura kwana huɗu a fara jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe, bayan wata ɗaukewar wuta, sai laburare da shafin maki suka daina buɗewa. Fayilolin malamai kuwa lafiya lau. Hedimasta ya same ni a ɗakin kwamfuta ya ce, "Malam, an ce kati ne ya ƙone. Nawa ne sabo? Ka san halin asusunmu." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar kafin a taɓa kuɗi. Katin da ya ƙone ba ya amsa sallama, wannan kuwa yana amsawa."

Hujjata ke nan. Da na aika ping zuwa 192.168.10.10, amsa ta dawo. Na aika wa 11 da 12, shiru. Duka ukun a kati ɗaya suke, ta waya ɗaya suke bi. Da ƙarfe ne ya lalace, da duka sun mutu tare. Idan ɗaya na raye biyu sun ɓace, to matsalar tana cikin rubutun saiti.

Tambaya ta farko: wane kanel ke aiki? Umarnin uname -r ya nuna 6.8, alhali a littafin da nake rubuta abubuwan ɗakin, 6.5 ne a farkon zangon karatu. Tambaya ta biyu: waɗanne adireshi ke kan kati yanzu? Umarnin ip -br addr ya jero su a taƙaice. Adireshi ɗaya ne kawai, kuma sunan katin ya ƙara tsawo. Da enp3s0f0 ne, yanzu ya koma enp3s0f0np0. Haruffa uku kacal, su suka tsayar da makaranta.

Daga ina wannan suna ya fito?

A da, Linux tana kiran katuna eth0, eth1, bisa wanda ta fara gani lokacin tashi. Matsalar ita ce a na'ura mai kati biyu, wanda ya zama eth0 yau yana iya zama eth1 gobe. Saboda haka daga systemd 197, a farkon 2013, aka kawo sunaye masu bin mazaunin kati a jikin na'ura. A enp3s0f0, en na nufin kati mai waya, p3 layin PCI na uku, s0 gurbi, f0 kuma aikin farko na katin. Wanda aka ƙera a jikin allon na'ura yakan zama eno1. Na USB kuma yakan fara da enx, sai lambar MAC ɗinsa ta biyo baya.

Sai dai ana gina sunan ne da bayanin da direba ya bayar. Idan sabon kanel ya zo da direban da ya fara faɗin sunan kowace kafa ta katin, sai a liƙa wannan a ƙarshen suna, shi ne np0 ɗin. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. Lokacin da Proxmox ta fitar da 8.2 da kanel 6.8 a Afrilun 2024, ta gargaɗi masu amfani da ita cewa sunayen wasu katuna za su canza, ciki har da masu direban i40e na Intel. Namu katin irinsu ne. Mai son ya tabbatar da idonsa, dmesg yana nuna layin da aka canza wa eth0 suna, ethtool -i kuma yana faɗin direban da ke tuƙa katin.

Abin ya yi kama da lokacin da aka bi unguwanni ana liƙa sunayen tituna, aka kuma kawo GhanaPostGPS a 2017. Gida bai motsa ba, mutanen ciki ba su tashi ba, amma wasiƙar da ke ɗauke da tsohon kwatance sai ta yi ta yawo.

To me ya sa adireshi ɗaya ya tsira? Wanda ya fara haɗa mana na'urar ya rubuta babban adireshin a netplan, ya ɗaure shi da lambar MAC ta katin, wadda ba ta canzawa. Sauran biyun daga baya aka ƙara su, a wani ɗan rubutu da ke gudana lokacin tashi yana cewa a ɗora su a kan enp3s0f0. Da na'ura ta nemi kati mai wannan suna ta rasa, sai ta wuce abinta.

Gyara, mataki-mataki

Umarnin da ya fi yi mini amfani a ranar shi ne grep -r enp3s0f0 /etc, wanda ke bin duk fayilolin saiti yana nemo inda aka ambaci tsohon suna. Wuri biyu ya nuna: ɗan rubutun nan, da dokokin katangar tsaro.

Da farko na gwada da hannu. Na rubuta ip addr add 192.168.10.11/24 dev enp3s0f0np0, na aika ping daga kwamfutar yara, amsa ta dawo. Wannan ya tabbatar da zargin. Amma adireshin da aka sa da hannu yana tafiya ne da zarar an kashe na'ura, don haka gwaji ne kawai.

Gyara na dindindin shi ne a tara duka ukun a wuri ɗaya. A fayil ɗin netplan na jera su ƙarƙashin addresses, babban a sama. Na bar ɗaurin MAC yadda yake, na ƙara set-name na raɗa wa katin suna nawa, lan0. Daga yau ko wane kanel ya zo, sunan da na ba shi zai amsa. Wanda ba ya amfani da netplan zai iya yin haka da fayil mai ƙarewa da .link a cikin /etc/systemd/network. Sai na kashe tsohon rubutun. Ga mai gyara daga nesa, netplan try ya fi aminci, domin idan ba ka tabbatar ba cikin daƙiƙa 120 zai koma tsohon saiti da kansa. Canjin suna kam, sai an sake kunna na'ura ake tabbatar da ya zauna.

Adireshi sun dawo, amma shafi bai buɗe ba tukuna. Umarnin systemctl --failed ya nuna nginx, manhajar da ke miƙa shafukan, ta faɗi tun lokacin tashi da kuskure mai lamba 99. Ma'anarsa an umarce ta ta saurara a adireshin da babu shi a na'urar. Kuma halinta ne, idan adireshi ɗaya ya gagara, gaba ɗaya take ƙin tashi. Na tashe ta, na duba da ss -ltn, na ga tana saurare a 11 da 12.

Saura katanga. Dokar ufw da ke buɗe ƙofa ta 80 an rubuta ta ne da tsohon sunan kati, don haka duk mai neman shafi ana mayar da shi. Wannan yana da ruɗi, domin ufw tana barin ping ya wuce, sai ka ga adireshi na amsawa amma shafi ya ƙi. Na goge dokar, na sake rubuta ta da lan0. Sannan na kashe na'urar gaba ɗaya na kunna har sau biyu, domin gyaran da bai tsallake kashewa da kunnawa ba, wuta za ta tona asirinsa. Kafin la'asar yara suna cikin laburare, ko sidi ɗaya ba a kashe ba.

Idan taka ba irin tamu ba ce

Canjin suna ne ya fi yawa, amma ba shi kaɗai ba ne. Ga sauran wuraren da ya kamata a leƙa.

Na ɗaya, kati ya ɓace ɗungurungum. Idan ip -br link bai nuna shi ba, duba lspci -k ka ga ko akwai direba a kansa. Wasu katunan, kamar na Realtek masu amfani da r8168, ana gina musu direba ne daga waje ta hanyar DKMS, kuma dole a sake ginawa ga kowane sabon kanel. Idan ginin ya gaza, dkms status zai nuna. A Ubuntu kuma direbobi da yawa suna cikin ƙunshin linux-modules-extra, idan bai sauka tare da sabon kanel ba, kati zai yi shiru.

Na biyu, tsohon salon eth0:1 da eth0:2. Wannan laƙabi ne kawai, kuma suna da laƙabi a haɗe ba sa wuce harafi 15. Sunan katin USB mai farawa da enx ya riga ya cinye 15 ɗin, babu wurin ƙari. Haka nan tsohon umarnin ifconfig ba ya nuna ƙarin adireshin da ba shi da laƙabi, sai mutum ya zaci babu alhali yana nan. Ka riƙe ip addr, shi ke faɗin gaskiya.

Na uku, babba da mabiya. Idan adireshi da yawa suna rukuni ɗaya, na farko shi ne babba, sauran mabiya. A tsarin kanel na asali, idan aka cire babban, mabiyan ma suna tafiya tare da shi, sai in an kunna promote_secondaries. Wannan yakan ciji wanda babban adireshinsa daga rauta yake zuwa ta DHCP. Kuma da babban ne na'ura ke fita waje, don haka idan jerin ya juya, wata na'urar da ta saba ganinka da lamba kaza za ta ƙi ka.

Na huɗu, ga mai kati biyu. Akwai saitin rp_filter da ke duba ko saƙo ya shigo ta ƙofar da amsarsa za ta fita. Idan yana kan 1, saƙon da ya saɓa ana zubar da shi ba tare da sanarwa ba, 2 kuwa ya fi sassauci. Kanel yana ɗaukar lamba mafi girma tsakanin saitin gama-gari da na katin. Saitin da aka rubuta da tsohon sunan kati kuwa ya tashi a banza. Sannan idan katunan biyu suna rukuni ɗaya, Linux na iya amsa tambayar ARP ta kowanne daga cikinsu, abin da ake daidaitawa da arp_ignore da arp_announce.

Idan kuma lokaci ya ƙure, yara na zaune suna jira, akwai ƙofar baya. Ubuntu takan bar tsohon kanel a faifai. Lokacin tashi ka danna Shift, ko Esc a sababbin na'urori, allon GRUB zai fito, ka shiga "Advanced options" ka zaɓi na baya. Idan komai ya dawo, ka samu shaida cewa sabuntawar ce sila, ka kuma samu sararin yin gyara a natse.

Kada a ce an daina sabuntawa

Na san abin da wani zai ce: to a kashe sabuntawar mana, a huta. Wallahi ban ba da wannan shawara ba. A Maris na 2022 aka bayyana wata ɓaraka a kanel da aka yi wa laƙabi da Dirty Pipe, wadda ta shafi 5.8 zuwa sama. Da ita, mai ƙaramin izini a na'ura zai iya rubutu a kan fayil ɗin da aka ce karantawa kawai zai yi. Sabunta kanel ne ya toshe ta. Yanzu ka tuna a na'urar nan makin yara yake, kuma a kowane aji akwai yaro ɗaya da ya fi malaminsa ƙwazon bincike. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maki amana ne, iyaye sun biya kuɗi, yaro ya yi wahala, bai kamata a bar ƙofa a buɗe don gudun aikin awa biyu ba.

Abin da ya dace shi ne mu ƙwace zaɓin rana daga hannun wuta. Idan akwai fayil ɗin /var/run/reboot-required, to na'ura tana jiran a sake kunna ta. Ina duba shi duk ranar Alhamis. Idan yana nan, bayan an tashi makaranta nake kashewa in kunna ina zaune a gabanta, allo da madannai a haɗe. Sati biyu kafin kowace jarrabawa kuwa ina tabbatar da babu kanel da ke kwance yana jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga 'yan'uwana malamai, ku sayi littafi na sidi kaɗan ku ajiye kusa da na'ura. Ku rubuta lambar kanel, sunan kowane kati da MAC ɗinsa, adireshi da aikin kowanne, da fayil ɗin da aka rubuta su. Ku adana abin da ip addr da ip route suka nuna ranar da komai ke lafiya, domin ranar matsala da shi za ku gwada. Ana yi wa malami canjin wurin aiki a kowane lokaci, wanda zai gaje ku bai san abin da ke kanku ba.

Ga shugabannin makarantu da kwamitin iyaye kuma, idan za a kawo mai haɗa na'ura, a sa a cikin yarjejeniya cewa sai ya bar bayanin aikinsa a rubuce, ya kuma zauna da malami ɗaya ko biyu ya nuna musu kafin a biya shi cikon kuɗinsa. A nemi batir mai riƙe wuta ko na minti goma ne, domin na'ura ta samu ta kashe kanta cikin tsari. Kuma a rage wa malamin da ke riƙe da ɗakin kwamfuta darasi ko biyu ne a sati, saboda wannan aikin ma koyarwa yake yi wa hidima. Wanda ya gamu da irin wannan matsala ta wata fuskar, ya rubuto wa wannan shafi yadda ya warware ta, sauran malamai su ƙaru.